Keke na tsallake ɗinki a kan kamfala? Kafin ka murɗa tenshan, duba allurarka

Ana saura wata guda bikin 'yarta, wata Hajiya daga Agege ta shigo shagona da ke Sabo, nan Abeokuta, yaronta na biye da ita da ƙullin yadi. Daga kasuwar Itoku take. Kamfala ta zaɓo, irin mai zanen kyandir ɗin nan, shuɗi mai duhu da ratsin fari, tana so in yi wa amarya bargon gado mai ciko guda uku, kowanne da rigunan filonsa. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Malam, don Allah a kula. Mai rinin ta ce wannan zanen shi ke nan ya rage, ko an sake yi ba zai fito iri ɗaya ba."

Na ce, "Hajiya, kada ki damu, in sha Allahu." A raina kuwa har dariya na yi. Na fi shekara 20 ina taka keke, atamfa da shadda da leshi babu wanda bai bi ta hannuna ba, sai kamfala ce za ta gagare ni?

Ta kuwa gagare ni, kwana uku cur.

Na shimfiɗa yadin ƙasa, na ɗora faiba, na rufe da kamfalar, na hau keke. Ban yi kamu biyu ba ɗinki ya fara tsallake: biyar su kama, na shida ya ƙi, zare ya miƙe a sama dogo. Na ƙara tenshan, zare ya tsinke. Na rage, ƙasa ya cukurkuɗe kamar gashin da bai ga mataji ba. Na ɗauko reza na warware, to a nan ne gabana ya faɗi. Ramukan allura sun tsaya a jere ɓaro-ɓaro, na shafa ruwa na goge, sun ƙi rufewa. Yadin mutane, wanda babu irinsa a kasuwa.

Na zauna rubuta wannan ne don na san 'yan uwanmu teloli da ke Legas da Ibadan da Shagamu da Fatakwal irin aikin nan yana zuwa musu yanzu. Kamfala ta dawo yayi, kuma ba a riga kaɗai ba. Bargo, jaka, shimfiɗar tebur, 'yar rigar sanyi marar hannu, duk ana so a yi musu ciko a bi su da ɗinki gida-gida. Aikin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Lifidin da ake sa wa dawaki ranar hawan sallah ai shi ne: ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, audugar rimi a tsakiya, a bi da allura. Su dai da hannu suke yi, a natse, mu kuma so muke keke ya gama kafin a ɗauke wuta.

Yadin da kansa

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, kamfala suna ce ta tara. Yarabawa suna kiran sana'ar adire. Akwai wadda ake ɗaurewa kafin a tsoma a rini, akwai wadda ake shafa wa kunun rogo, ita ce adire eleko, sannan akwai ta kyandir, adire alabela. Ita wannan ana narka kaki ne a buga ko a zana a jikin yadi, a tsoma a rini, duk inda kakin ya zauna launi ba ya shiga. Ita duniya ta sani da batik. Sunan daga tsibirin Java na ƙasar Indunusiya ya fito, inda aikin ya yi zurfi har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009. Atamfarmu ma jikarsa ce, Turawan Holan ne suka kwaikwaye shi da inji suka kawo kasuwannin Afirka ta Yamma. Amma a ƙarƙashin allura, atamfa da batik ba halinsu ɗaya ba.

Mai batik yadi mai matsattsiyar saƙa yake nema, mai santsi, don kaki ya tsaya inda aka sa shi, zane ya fito tsaf. Yadin ya sha tsomi, ya sha ruwan zafi, ya tsuke ya ƙara matsewa. Na Hajiya ma a kan shadda aka yi shi, kun kuwa san shadda. Ɗaga akoko ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga haske na ratsowa ta 'yan kafofi. Ɗaga wannan, kusan babu. Allura ba ta samun hanyar bi tsakanin zaruruwan saƙa, sai dai ta huda da ƙarfi, wani lokaci ta yanke su. Shi ya sa ramin ba ya rufewa.

Ga kuma kakin. Bayan rini ana tsoma yadin a tafasasshen ruwa don kaki ya narke ya taso, amma ba kullum yake fita duka ba, balle in aiki ya yi wa mai rini yawa. A zo a sa sitaci, a buge, ya yi ƙyalli, ido ba zai ga komai ba. Kakin kyandir kuwa tun zafi bai kai digiri 70 ba yake narkewa. Keken masana'anta irin Juki DDL-8700 yana iya yin ɗinki 5,500 a minti ɗaya, allurarsa in tana huda yadi mai tauri da irin wannan gudun, zafin da take ɗauka ya wuce haka nesa ba kusa ba. Sai kaki ya narke ya bi jikinta, ya taru a kafarta, ya haɗu da ƙurar faiba ya zama danƙo.

Duk wannan ban gane shi da kaina ba. A rana ta biyu na aika a kira mini wani dattijo Bayarabe mai gyaran keke, wanda ya tsufa cikin Hausawan Sabo har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na ce, "Baba, saitin shatil ya kauce, a buɗe a gyara." Bai ko kalli sukundireba ba. Ya ɗauki guntun atamfa ya ninka huɗu ya taka, ɗinki ya fito sumul. Ya zare allurar ya kankare ta da farce, ya nuna mini abin da ya fito, fari-fari kamar maiƙo. Ya ce, "Kekenka lafiyarsa ƙalau. In na taɓa shi yau, gobe za ka kira ni in mayar."

Shi ya nuna mini, yana juya kan keke a hankali da hannu, yadda ɗinki ke ƙulluwa. Allura tana sauka da zare har ƙasa. Da ta fara tasowa, kamar milimita 2, zaren da ke gefenta yana yin sako-sako ya buɗe ɗan madauki. A daidai wannan ƙiftawar idon bakin shatil ke wucewa ta ɗan kwarmin da ke jikin allura, sama kaɗan da kafa, ya ɗauki madaukin ya zagaye bobin da shi. Ɗinki ɗaya ke nan. In madaukin bai buɗe ba, shatil ya wuce hannu banza, abin da muke ce wa tsallake ke nan. A kan batik kuwa ana samun haka ne in kaki ya manne zare da jikin allura, ko yadin ya riƙe allura ya taso tare da ita, ko kuma taurinsa ya ture tsininta gefe har bakin shatil ya rasa ta. Ka ga duk cikinsu babu laifin tenshan. Ni kuwa kwana biyu ina ta murɗa shi.

Wanki kafin almakashi

Na san telolinmu ba sa son wanke yadin kwastoma, kowa tsoron a ce ya kashe wa yadi ƙyalli yake. Amma bargo ba babbar riga ba ce, dole wata rana a wanke shi, gara ya tsuke a hannunka kafin ɗinki da ya tsuke bayan an ɗinke. Auduga tana tsukewa, faiba ba ta yi, ka ga bargo ya tattare ke nan. Ka nemi izinin mai kaya, ka gaya masa dalili.

Gwajin kaki ba wuya. Ja farce a jikin yadin, in ya bar farin layi akwai saura. Ko ka ɗora farar takarda ka bi da dutsen guga mai zafi, in ta yi tabon maiƙo to ka samu amsa. Na Hajiya sai da na jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu sau biyu, na ɗauraye har ruwa ya daina fita da shuɗi sosai, na shanya a inuwa, sannan na goge shi tsakanin takardu ina canzawa har takarda ta fito tas. Kada ka yi da jarida, tawadarta kan bi yadi. A wankin ne kuma za ka san ko rinin yana zuba, kafin ka haɗa shi da farin yadin ƙasa ka yi kuka.

A nan bari in ɗan yi ratse. Kasuwa yanzu cike take da bugun inji da ake shigowa da shi daga waje mai kama da adire, abin da masu rinin Itoku suka daɗe suna kuka da shi. Juya bayansa: na gaske rini ya ratsa shi, gaba da baya kusan ɗaya ne, na bugu kuwa bayansa ya koɗe. Shi babu kaki a jikinsa, sau da yawa kuma da roba a saƙarsa, don haka kada ka kai masa dutse mai zafi irin na auduga.

Allura

Nan ne rabin matsalar take. Yawancinmu lamba 16 muke sa wa keke mu manta da ita har sai ta karye. Lambar nan tana da ma'ana. In ka duba kwalin Organ ko Schmetz za ka ga lamba biyu, kamar 80/12, 90/14, 100/16. Ta farkon kaurin allurar ce: 100 na nufin milimita 1 cif, 80 kuma milimita 0.8. Tazarar kamar ba komai, amma a yadin da ba shi da kafa, lamba 16 ƙusa ce. Ita ta bar mini ramukan nan.

Sai tsini. Akwai allurar da aka ɗan dakushe bakinta da gangan saboda yadi mai talewa irin na singileti, ta riƙa ture zare maimakon huda shi. Irinta a kan batik ba ta shiga sai da dambe, kana jin keke na wani "ɗas, ɗas". Abin da ake so mai siririn tsini ne. A keken gida sunanta Microtex. A keken masana'anta mai allurar DBx1, Schmetz tana rubuta SPI a kwalin mai irin wannan tsinin. In ba ka samu ba, sabuwar allura ta yau da kullum lamba 12 ko 14 ta fi tsohuwar 16 sau goma.

Masu wannan aikin sun rabu biyu. Wasu sun ce ka sauka har 70/10 don ramin ya yi ƙanƙanta, wasu sun ce ka hau 90/14 don kada allura ta lanƙwasa, zare kuma ya samu wurin wucewa. Na gwada duka a kan ƙyalle. Lamba 10 ta yi kyau a yadi fallen biyu, amma da na haɗa da faiba, duk inda ta hau gaɓar ɗinki sai ta tsallake. Ni dai a 80/12 na tsaya, da siririn zare. In zaren ya fara tsefewa yana taruwa a bakin kafa kafin ya tsinke, kafar ce ta yi masa kaɗan, sai ka koma 90/14, in da hali irin wadda ake kira Topstitch, mai doguwar kafa. Akwai gwajin da Baba ya koya mini: zura allurar a guntun zaren da za ka yi aiki da shi, ka riƙe bakin biyu ka karkata. In ta sulale da kanta sun dace, in ta maƙale ba su dace ba.

Ka duba kuma yadda ka ɗaura ta. A keken masana'anta gindin allura zagayayye ne, tana iya juyawa kaɗan ba ka sani ba. Doguwar tsagar tana kallon hagu, kwarmin yana kallon dama, kuma ka tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure. A baƙin keke irin Butterfly, ɓangaren gindin da yake shafaffe shi ke kallon dama. Yaran shago sun fi yin wannan kuskuren, amma ni ma na taɓa yi da dare a hasken tocila.

Ka'idar da masu allura ke bayarwa ita ce a canza bayan kamar awa 8 na aiki. Batik yana cin tsini da wuri, ni kowane bargo sabuwa na sa masa. Duk bayan 'yan layuka kuma in tsaya in goge ta da auduga da ɗan sifirit na kyamis. Ban da kananzir, yana bin yadi. Mu da ke kudu akwai ƙarin abu: damina tana sa allura tsatsa tun tana cikin kwali in an bar shi a buɗe. Shafa ta a yatsa kafin ka ɗaura, in ka ji kaushi jefar.

Sauran abubuwan

Zare ba na dogon bayani ba ne. Na roba 40/2 da muke saye a kasuwa ya isa, in dai mai kyau ne, ba wanda ya shekara a rana yana gashi ba. Sa iri ɗaya sama da ƙasa. In saman shuɗi ne ƙasan fari, ko yaya ka daidaita sai ɗigo-ɗigo sun leƙo, domin batik ba shi da laushin da zai haɗiye ƙullin. Zaɓi yadin ƙasa mai launi kusa da na sama ka huta. Kada kuma ka yarda a ce a sa batik sama da ƙasa, tauri biyu ke nan allura za ta huda. Yadin auduga mai sauƙin saƙa ya fi.

Sai yanzu tenshan. Zare zaren gaba ɗaya ka sake zurawa, takalmin keke a ɗage, domin sai an ɗaga shi fayafayan tenshan ke buɗewa zare ya shiga tsakaninsu. Buɗe gidan bobin ka share ƙurar faiba, za ka sha mamakin abin da ya taru. Sannan ka yi gwaji a kan guntun kamfalar, da faibar, da yadin ƙasan, su ukun, ba a kan wani tsumma daban ba. In zaren ƙasa ya leƙo sama, na sama ya yi tsauri, sassauta. In madaukai sun zubo a ƙasa, na sama ya yi sako, ƙara. Kwata-kwatan juyi za ka riƙa yi kana gwadawa. Ɗan sukurun da ke jikin shatil kuwa ka bar shi, sai in ka riƙe zaren ka ga shatil ɗin ya zube ƙasa da kansa, ko ka girgiza ya ƙi motsi sam.

Tsawon ɗinki ka kai shi milimita 3. A wasu baƙaƙen kekuna lambobin adadin ɗinki ne a inci ɗaya, sai ka nemi 8 ko 10. Ƙananan ɗinki a kan batik rami kusa da rami ne, kamar takardar rasit da ake yagewa, ranar da aka ja bargon da ƙarfi ta nan zai bi.

Maganar yadi ya taso da allura, maganinta takalmi da faranti. Takalmi ya danne sosai a daidai inda allura ke shiga. Farantin zigzag mai faɗin rami yana barin yadi ya riƙa lotsawa yana tasowa, mai ƙaramin rami ɗaya shi ne na wannan aikin. Sai dai in ka matse takalmi da yawa, haƙoran keke za su ja yadin ƙasa su bar na sama a baya, ka iso ƙarshen layi ka tarar da tattara. Akwai takalmi mai tafiya, wanda ke jan sama daidai da yadda haƙora ke jan ƙasa, in kekenka na karɓarsa kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ni ba ni da shi a lokacin, sai na yi ɗaurin talala da hannu, dogayen ɗinki tazarar tafin hannu, na fara daga tsakiya ina fita gefe. Gam dai kada ka kusance shi, ko na feshi ne, allurar da ke fama da kaki ba ta buƙatar ƙarin danƙo.

Masu son zanen lanƙwasa, inda ake sauke haƙora a riƙa juya yadi da hannu kamar yadda masu aikin wuya ke yi, ku lura da kwana. In hannu ya riga ƙafa gudu, bayan bargon zai fito da zaruruwa a jere kamar gashin ido. Ba tenshan ba ne nan ma, hannu za ka rage wa sauri.

Gudu gaba ɗaya ma a rage. Shi ya fi ba ni wuya, ƙafata ta saba. Amma da na koma rabin gudun da na saba, allura ta daina zafi, zare ya daina tsinkewa. In ka yi duk wannan keke yana tsallake, har a kan atamfa ma yana yi, to yanzu kam kira mai gyara. Ratar da ke tsakanin bakin shatil da allura ba ta wuce kaurin takarda ba, ba aikin kintace ba ne.

Barguna biyu sun fito yadda nake so. Na ukun shi ne mai rauni, wurin da na huda ya kai rabin yadi. Na yanke shi na mayar da shi cikin rigar filo inda ido ba ya kaiwa, tsawon bargon ya gaza, sai na sayo shadda shuɗiya marar zane da kuɗina na yi masa baki ta gefe huɗu. Ranar da Hajiya ta zo ban jira ta gano ba, na ce, "Hajiya, wannan na yi miki ɓarna a kansa, ga abin da ya faru, ga yadda na cike."

Ta ɗaga shi ta juya gaba da baya, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "To Malam, ai sai ka yi wa sauran biyun ma irin bakin nan. Ba zan kai wa yarinya biyu iri ɗaya, ɗaya daban ba."

Kwana huɗu ya rage a yi jere. Na aiki yaro Itoku ya ƙaro shadda, na ce ya biya ya sayo mini kwalin lamba 12.